Wa Ke Duba Jarrabawar Masu Hasashen Damina?

A farkon kowace shekara, tun hunturu bai gama sakin jiki ba, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashenta na damina mai zuwa. Kundin yakan faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka a kowace ƙaramar hukuma, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon daminar, da yawan ruwan da za a samu, da wuraren da ake fargabar fari a tsakiyarta. Gidajen rediyon Kano sukan karanta abin da ya shafi jihar, malaman gona su ɗauka su kai ƙauyuka, wasu manoman su ji su yi aiki da shi, wasu su ji su ce Allah ya kai mu.

A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa wannan magana tana da nauyi. Nan ne ɓangaren Jihar Kano da ya fi samun ruwan sama, nan ake noman masara da shinkafa da rake da yawa, kuma masara shuka ce marar haƙuri da ƙishi. Manomin da ya yi shuka da ruwan farko, sannan sama ta ɗauke na mako biyu ko uku, ya yi asarar iri da kuɗin huɗa, wani lokaci har da takin da ya ciwo bashi ya saya. Wanda kuma ya yi ta jira har Yuni ya yi nisa, yana iya samun ruwa ya ɗauke kafin masararsa ta cika ido. Ban da wannan, ruwan da ke sauka a duwatsun Riruwai da dajin Falgore shi ke bin Kogin Kano ya taru a Madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974, daga can kuma a sake shi ga masu noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Daminar kudancin Kano ita ce ranin tsakiyarta.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta watan Oktoba. Bayan an yi girbi, wa ke komawa ga abin da aka faɗa a farkon shekara ya gwada shi da abin da ya faru a Kwanar Ɗangora ko a Riruwai? Kuma idan aka ce kimiyyar hasashen yanayi ta ci gaba, da wane mudu aka auna?

Cin jarrabawa da sauƙin tambaya

Mai hasashe yana iya yin daidai kullum ba tare da ya san komai ba. Duk wanda ya tashi a Doguwa cikin Agusta ya ce za a yi ruwa a wannan makon, da wuya ya kunyata, domin lokacin marka ne. Haka wanda ya ce ba za a yi ba a Janairu. Saboda haka adadin lokutan da mutum ya dace ba ya nuna iliminsa. Abin da ke nunawa shi ne yadda ya zarce abin da kowa ya riga ya sani daga shekarun baya.

A ƙasar Hausa wannan sanin na kowa yana da tsari tun da daɗewa. Malaman hisabi suna lissafa shekara da taurari 28, kowane da kwana 13, suna faɗin wanda ake shuka a cikinsa da wanda ruwa ke yawaita. Dattawa suna lura da zuwan shamuwa, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da yadda gawo ke zubar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke toho. Wannan taƙaitaccen tarihin damina ne da aka tara a ƙwaƙwalwar al'umma. Duk hasashen da aka yi da kwamfuta da tauraron ɗan'adam, idan bai fi wannan amfani ga manomi ba, to bai ƙara masa komai ba.

A 1950 wani masanin yanayi na Amurka mai suna Glenn Brier ya fito da hanyar ba wa hasashe maki wadda har yau ake amfani da ita. Sharaɗinta shi ne mai hasashe ya faɗi ƙarfin zatonsa da lamba. A ɗauka ya ce yiwuwar ruwa gobe a Kiru kashi 70 ce cikin 100, wato 0.7. Idan an yi ruwa, tazarar da ke tsakanin zatonsa da gaskiya ita ce 0.3, sai a ninka ta da kanta, a rubuta masa kuskuren 0.09. Idan ba a yi ba, tazarar 0.7 ce, kuskurensa ya zama 0.49. Wanda ke fakewa da rabi da rabi kullum zai riƙa samun 0.25, ko an yi ko ba a yi ba. Wanda ya buga ƙirji ya ce tabbas za a yi, sannan ba a yi ba, ya ɗauki kuskure cikakke, wato 1. Hikimar lissafin ita ce ba a yi masa wayo: hanyar samun maki mafi kyau a tsawon lokaci ita ce mutum ya faɗi ainihin abin da yake zato, ba ƙari ba ragi.

Mai ganin cewa hasashen ruwa shisshigi ne a cikin gaibu zai iya samun natsuwa a nan. Faɗin kashi 70 amincewa ce da cewa ilimin ɗan'adam bai cika ba, kuma ragowar 30 ɗin a fili aka bar ta. Malamin hisabin da ke rufe lissafinsa da cewa Allah ne mafi sani, da masanin da ke rufe nasa da lamba, duk sun ƙi yin da'awar tabbas.

Tun 1965 hukumar yanayi ta Amurka ke fitar da hasashen ruwa da irin waɗannan lambobi, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a ranakun da ma'aikatanta suka ce kashi 70, ruwan yakan sauka kusan sau bakwai cikin goma. Sun kai ga haka ne domin kowace safiya sama tana duba musu jarrabawar jiya. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature a 2015 ya taƙaita ci gaban fannin da cewa ana samun ƙarin kwana ɗaya a kowace shekara goma: hasashen kwana shida na yau ya kai ingancin na kwana biyar na shekara goma da suka wuce. Ba kowane fannin ilimi ne zai iya faɗin ci gabansa da irin wannan lamba ba.

Inda mudun bai iso ba

Sai dai wannan nasara ba ta rabu daidai a duniya ba. A 2018 wasu masana a Karlsruhe ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin Peter Vogel, sun gwada hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyin duniya da abin da ma'aunai suka nuna a arewacin Afirka mai zafi, yankin da ƙasar Hausa ke ciki. Abin da suka samu shi ne hasashen kwana ɗaya zuwa biyar, ko bayan an yi masa gyaran lissafi, da kyar yake zarce wanda za a yi da tarihin ruwan wurin kawai.

Dalilin yana cikin yadda ruwan ke zuwa. A Turai ruwa yakan biyo manyan igiyoyin iska masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda kwamfuta ke iya hangowa tun daga nesa. A nan hadari yakan haɗo daga gabas da yamma lis, ya taho da iska da ƙura, ya zuba a wani gari ya tsallake na kusa da shi. Tun 1990 masu bincike na Faransa da Nijar suka dasa ma'aunan ruwa kimanin 100 a kewayen Yamai, suka tabbatar da abin da manoma suka daɗe da sani: ƙauyuka biyu da tafiyar yini ɗaya a ƙafa ta raba suna iya samun damina mabambanta ƙwarai a shekara ɗaya.

Wannan ya sa tambayar Oktoba take da wuya. Birnin Kano yana da tarihin ruwan sama da ya faro tun 1905, ɗaya daga cikin mafiya tsawo a yankin. Amma daga birni zuwa Falgore kimanin kilomita 150 ne, kuma ma'aunin da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba zai ba da shaida kan abin da ya faru a gonar Tudun Wada ba. NiMet takan duba hasashenta na bara da tashoshinta, haka ma taron masanan Afirka ta Yamma da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke shiryawa tun 1998. Wannan aiki ne mai kyau, amma tashoshin sun yi kaɗan a kan faɗin ƙasar. Hotunan tauraron ɗan'adam suna cike giɓi, sai dai su ma ƙiyasi ne daga sanyin saman gajimare da makamantansa, kuma sai da ma'aunin ƙasa ake daidaita su. An wayi gari ana yin hasashe a matakin ƙaramar hukuma, ana dubawa a matakin jiha.

Abin da taro ke iyawa

A 1906 Francis Galton ya halarci wani bajekolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, inda aka sa gasar cankar nauyin naman wani bijimi bayan an yanka an gyara. Ya karɓi takardu 787 na masu canka, mahauta da manoma da 'yan kallo, ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Cankar da ta faɗo a tsakiya ta ce laba 1,207. Ainihin nauyin laba 1,198 ne. Kuskuren taron bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, domin masu zarcewa da masu gazawa sun share wa juna kuskure.

Bayan kusan ƙarni guda Philip Tetlock ya kai wannan tunani ga masana. Ya shafe kimanin shekara ashirin yana tattara hasashen masana siyasa da tattalin arziki 284, ya buga sakamakon a 2005, inda ya nuna cewa a dunƙule ba su zarce canki da wani abin kirki ba. Daga 2011 kuma ya jagoranci dubban 'yan sa-kai a wata gasar hasashe da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, suka doke sauran ƙungiyoyin jami'o'i. Waɗanda suka fi fice a cikinsu mutane ne masu gyara zatonsu kaɗan-kaɗan idan sabon bayani ya zo, masu kuma duba makinsu a kai a kai.

Misalin da ya fi nuna yadda ake auna ci gaban kimiyya da wannan hanya ya fito ne daga ilimin halittu. A 1994 John Moult da abokan aikinsa suka kafa gasar CASP, saboda masu hasashen surar sinadaran furotin sun yi ta shelar nasarar da babu mai iya tantancewa. Tsarin gasar mai sauƙi ne. Ana karɓo furotin ɗin da wasu suka riga suka gano surarsu a ɗakin gwaji amma ba su buga ba, a raba tambayar ga duk mai so a duniya, a rufe karɓar amsa, sannan alƙalan da ba su san mai kowace amsa ba su ba da maki. Ana maimaitawa duk shekara biyu. Shekaru da dama makin yana tafiyar hawainiya, kowa kuma yana gani. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta sami matsakaicin maki sama da 90 cikin 100, kuma masana suka gaskata nan take, domin mudun da aka auna ta da shi ya girme ta da shekara 26 kuma ba nata ba ne. A 2024 biyu daga cikin masu ita, Demis Hassabis da John Jumper, suka shiga cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai uku guda ne. A rubuta hasashe kafin abin ya faru, a fayyace me ake nufi, a bar kowa ya shiga, a ba wanda ba shi da rabo a ciki alƙalanci.

A harkar ruwan sama ma taro ya daɗe yana aiki. A 1860 George Symons ya fara tattara awon ruwa daga 'yan sa-kai a Birtaniya, limaman coci da likitoci da masu lambu, kuma kafin rasuwarsa a 1900 sun haura 3,000. A Kolorado ta Amurka, ambaliyar da ta auka wa garin Fort Collins a 1997 ta nuna cewa unguwannin gari ɗaya sun sami ruwa mabambanci ba tare da ma'aunan hukuma sun kama ba, sai aka kafa ƙungiyar masu awo na sa-kai a shekarar da ta biyo. Kusa da gida, tun 1982 hukumar yanayi ta Mali ta fara raba wa manoma ma'aunan ruwa, suna aunawa a gonakinsu, suna haɗawa da shawarar da ake ba su ta rediyo kan lokacin shuka.

Yadda abin zai kasance a kudancin Kano

Jihar Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kuma da wuya a sami mazaɓar da ba ta da makarantar firamare. Ma'aunin ruwa na roba kwalba ce mai zane, da yaro ɗan aji biyar zai iya karantawa. Idan aka kafa ɗaya a farfajiyar makaranta ɗaya a kowace mazaɓa ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, nesa da bishiya da indararo, malami ɗaya ya riƙa karantawa a lokaci ɗaya kowace safiya ya aika da lambar ta saƙon waya, cikin damina ɗaya yankin zai mallaki taswirar ruwan da bai taɓa samu ba.

Kafin a fara dole a yarda da ma'anar kalmomi. Me ake nufi da faɗuwar damina? Ga wani ruwan farko ne, ga wani ranar da ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu, ga mai yin binne kuwa ranar da irin da ya rufe a busasshiyar ƙasa ya tsiro. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, ya ba da ma'anar da masu bincike da yawa suka ɗauka: rana ta farko bayan 1 ga Mayu da aka tara ruwan milimita 20 cikin kwana uku a jere, muddin ba a sami farin da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Ana iya gyara wannan don ya dace da masarar Doguwa, amma a gyara shi a watan Maris, kafin a san wanda gyaran zai taimaka.

Daga nan sai a buɗe rajista. Hasashen NiMet ya shiga a matsayinsa. Lissafin malaman taurari ya shiga. Dattawan manoma na kowace mazaɓa su faɗi makon da suke zato, malaman gona na KNARDA su faɗi nasu, manhajojin waya da matasa ke dubawa su ma a rubuta abin da suka ce. A ajiye kuma amsar da tarihi kaɗai zai bayar, domin ita ce layin da kowa zai yi ƙoƙarin tsallakewa. A rufe rajistar da kwanan wata, a miƙa kwafi ga wani sashen jami'a a Kano ko Zariya wanda ba shi da hasashe a ciki.

Akwai ramuka a hanyar. Taron Galton ya dace ne domin kowa ya rubuta cankarsa shi kaɗai. Idan aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci ya fara faɗin ra'ayinsa, abin da za a samu zaton mutum ɗaya ne da bakuna arba'in, don haka sai a tambayi kowa a keɓe. Na biyu, ƙwaƙwalwa tana riƙe shekarar da dattijo ya dace ta manta ukun da ya kuskure, tana kuma riƙe shekarar da hukuma ta kuskure ta manta waɗanda ta dace. Takarda ce kaɗai ba ta da wannan son kai. Na uku, idan aka ɗaura rabon tallafi ko diyyar inshora kai tsaye a kan lambar da malamin makaranta ya aiko, an ɗora masa nauyin da zai iya lanƙwasa lambar. Maganin wannan shi ne a riƙa gwada kowane ma'auni da maƙwabtansa da kuma hoton tauraron ɗan'adam. Na huɗu, tsakiyar damina tana haɗuwa da dogon hutun makarantu, saboda haka kowane ma'auni yana buƙatar mutum na biyu mazaunin garin.

Sannan akwai haƙuri. Damina sau ɗaya take faɗuwa a shekara, kuma mazaɓun da ke kusa da juna sukan yi tarayya a sa'a da rashinta, don haka shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa hasashen damina hukunci ba. Sai an tara goma kafin a fara magana da ƙarfi. Hasashen kullum kuwa yana ba da jarrabawa sama da ɗari a kowane ma'auni tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a nan za a fara ganin haske tun shekarar farko.

Sakamakon zai iya ba kowa mamaki. Yana yiwuwa a ga hasashen hukuma ya fi ƙarfi wajen faɗin ɗaukewar ruwa fiye da faɗuwarsa, ko ya fi dacewa a filayen Bebeji fiye da duwatsun Riruwai. Yana yiwuwa a ga tsakiyar cankar dattawa ta yi kafaɗa da kafaɗa da kwamfuta, ko a ga haɗa su biyun ya fi kowannensu. Kowanne ya tabbata, akwai mai amfana. Masanin yanayi zai san inda lissafinsa ke yoyo. Masu kula da Tiga za su san abin da ya sauka a saman kogi kafin ya iso madatsa. Manomin Kiru da ke tsaye da buhun iri a makon ƙarshe na Mayu, an yi ruwa jiya, rediyo kuma yana cewa a dakata, zai iya tambayar malamin gona sau nawa wannan gargaɗin ya tabbata a mazaɓarsa cikin shekarun da aka rubuta, malamin kuma ya buɗe littafi ya karanta masa.